Jamusanci da Koriyanci: Yadda Harsunan Talakawa Biyu Suka Shiga Littafi



Akwai tambayar da ba ta ƙarewa a tsakaninmu: shin Hausa za ta iya ɗaukar ilimi mai zurfi, ko kuwa iyakarta labarin soyayya da waƙa da barkwanci? Maimakon mu ci gaba da musu, yau za mu leƙa tarihin wasu harsuna biyu da aka taɓa yi wa irin wannan tambaya, wato Jamusanci da Koriyanci. A yau babu mai raina su. Ana koyar da likitanci da injiniyanci da su, ana kuma cin manyan kyaututtukan adabi da su. Ko a 2024 marubuciyar Koriya ta Kudu, Han Kang, ce ta karɓi kyautar Nobel ta adabi. Amma an yi zamanin da malaman ƙasashen biyu suke jin kunyar rubuta magana mai nauyi da harshen iyayensu.

BA DANGIN IYA, BA NA BABA

Mu fara da cewa harsunan nan ba su haɗa komai ba ta fuskar asali. Jamusanci, mai masu magana kimanin miliyan 95 a Jamus da Austriya da Suwizalan, ɗan uwan Ingilishi ne da harshen mutanen Holan. Koriyanci kuwa, mai kimanin miliyan 80, har yau masana ba su tabbatar masa da wani dangi ba, in ban da harshen tsibirin Jeju da ke kudancin ƙasar.

A Hausa kowane suna ko namiji ne ko mace. Bajamushe jinsi uku gare shi: der na namiji, die na mace, das na wanda ba namiji ba mace ba. Cokali namiji ne a wurinsa, cokali mai yatsu mace ce, wuƙa kuwa tana rukuni na uku. Abin dariyar shi ne, kalmar Mädchen, wato yarinya, ita ma a rukuni na ukun take. Mutumin Koriya bai san wannan wahala ba, don sunayensa ba su da jinsi. Tasa wahalar ita ce girmamawa. Aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa: inda za mu ce "Audu ya sayi littafi", shi tsarinsa kamar "Audu littafi ya saya" ne. Wutsiyar wannan aikatau kuma tana sauyawa gwargwadon matsayin wanda ake yi wa magana. Hatta abinci, wanda yaro zai ci bap ne, wanda za a kai wa kaka jinji ne. Mu da muke ce wa babba "ku", muke bambanta "ya mutu" da "ya rasu", ba za mu yi mamaki ba. Bajamushe yana da du na tsara da Sie na girmamawa, ya tsaya nan. Dan Koriya sai ya san shekarunka kafin ya san yadda zai ƙarasa jimlarsa.

To me ya haɗa su? Tarihi. Dukansu sun daɗe a ƙarƙashin inuwar wani babban harshe na malamai, Latin a Jamus, Sinanci a Koriya. Dukansu sun sami kayan aikin fita daga inuwar a ƙarni ɗaya. Dukansu kuma sun ga an raba ƙasarsu gida biyu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sai dai yadda abin ya kaya a kowane ɓangare ya bambanta, kuma a bambancin nan darasinmu yake.

LITTATTAFAI BIYU, BABU NA HARSHEN GIDA

A makaranta an koya mana cewa Johannes Gutenberg na birnin Mainz ne ya ƙago buga littafi da haruffan ƙarfe ɗai-ɗai, waɗanda ake jerawa a buga shafi, a wargaza, a sake jerawa. Ya kammala shahararren Baibul ɗinsa wajen 1455. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, tun 1377 aka buga wani littafin addinin Buddha mai suna Jikji da haruffan ƙarfe a wani wurin ibada da ke Cheongju a Koriya. Shekara 78 ke nan kafin na Gutenberg. Abin da ya saura na littafin yana ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa a birnin Paris.

Ku lura da abu ɗaya. Baibul ɗin Gutenberg da Latin aka buga shi, Jikji kuma da Sinanci. Manomin Jamus da manomin Koriya, ko an ba su kyauta, ba za su karanta layi ɗaya ba. Kalmar Deutsch ɗin ma, wadda Jamusawa suke kiran harshensu da ita, asalin ma'anarta "na jama'a", wato maganar mutanen gari, saɓanin Latin na malamai.

SARKIN DA YA ƘAGO HARUFFA

Halin da Koriya take ciki ya fi na Jamus tsanani. Bajamushe ya ari haruffan Latin, kuma ko da ba su dace da bakinsa ɗari bisa ɗari ba, yana iya rubuta maganarsa da su. Dan Koriya kuwa sai ya haddace dubban alamomin Sinanci, na harshen da tsarinsa ya yi hannun riga da nasa. Wanda zai iya wannan sai ɗan gidan sarauta ko na masu hali, wanda ba ya zuwa gona.

Sarki Sejong, wanda ya yi mulki daga 1418 zuwa 1450, shi ya ɗauki matakin da ba a saba gani ba. A 1443 ya ƙago sababbin haruffa 28, aka kuma bayyana su ga jama'a a 1446 cikin wani littafi mai suna Hunminjeongeum. Dalilin da ya bayar shi ne tausayin talakan da yake da magana a ciki amma ba shi da hanyar rubuta ta. An zana baƙaƙen ne bisa siffar gaɓoɓin furuci: ㄱ yana nuna tushen harshe ya toshe maƙogwaro, ㄴ yana nuna kan harshe ya taɓa dasashi, ㅁ siffar baki ce. Wasulan kuma an gina su daga alamomi uku: ɗigo na sama, layin kwance na ƙasa, layin tsaye na mutum. Ana haɗa baƙi da wasali a dunƙule su gaɓa-gaɓa. A yau 24 ake amfani da su, baƙaƙe 14 da wasula 10, kuma mai himma yana iya koyonsu cikin 'yan kwanaki.

Kowa zai zaci malamai za su yi murna. Ina! A 1444 wani babban malamin fada, Choe Man-ri, da abokansa suka kai wa sarki takardar ƙorafi. Hujjarsu ita ce, sai mutanen da ba su waye ba suke da rubutu nasu na daban, kuma in labari ya kai ƙasar Sin za a yi wa Koriya dariya. Bayan rasuwar Sejong sai masu ilimi suka riƙa kiran haruffan eonmun, rubutun gama-gari, wasu ma suna ce musu rubutun mata. A 1504 Sarki Yeonsangun ya hana amfani da su, bayan an liƙa takardun sukarsa da aka rubuta da su.

Abin da ya fi wannan hani tasiri shi ne jarrabawar gwageo. Duk mai son muƙamin gwamnati sai ya ci wannan jarrabawa, ita kuwa da Sinanci ake yin ta, kuma haka ta ci gaba har 1894. Uban da yake son ɗansa ya zama wani abu, me zai sa ya tura shi koyon rubutun da ba ya kai mutum ofis?

MUTUMIN DA YA SAURARI KASUWA

Yanzu mu koma Jamus. A 1521 wani malamin addinin Kirista, Martin Luther (ba na Amurka ba, wancan sunan wannan ya ci), ya saɓa da Fafaroma da sarkin daular, har aka ɓoye shi a wani gidan sarauta mai ganuwa da ake kira Wartburg. A can ya fassara Sabon Alkawari daga Girkanci zuwa Jamusanci cikin mako 11. An buga shi a Satumbar 1522, kwafi wajen 3,000, kafin Disamba har an sake bugu. Cikakken Baibul ya fito a 1534.

Ba shi ya fara ba. Kafin nasa an buga Baibul da Jamusanci har sau 18, tun daga 1466. To me ya sa nasa ya karɓu? Na farkon sun bi Latin kalma da kalma, sai aka sami Jamusanci a baki, Latin a ƙashi. Luther ya bayyana hanyarsa a wata wasiƙa da ya rubuta kan fassara a 1530: mai fassara ya kasa kunne ga yadda ake magana a cikin gida da kan titi da kasuwa, sannan ya rubuta. Ya kuma faɗi cewa shi da abokan aikinsa sukan shafe makonni suna neman kalma ɗaya. Ana ma ba da labarin ya je wurin mahauci ya sa aka feɗe tumaki a gabansa, don ya ji sunan kowane kayan ciki daga bakin mai sana'ar.

Akwai kuma matsalar karin harshe. A lokacin babu ƙasa ɗaya mai suna Jamus, sai ɗaruruwan masarautu da birane, mutumin arewa ba ya jin na kudu sosai. Luther ya tashi a tsakiyar ƙasar, inda kare-karen suke haɗuwa, ya kuma ɗauki salon rubutun ofisoshin masarautar Saxony, wanda aka fi ganewa a wurare da yawa. Duk da haka, da wani mai maɗaba'a a birnin Basel, Adam Petri, ya sake buga littafin a 1523, sai da ya haɗa da jerin kalmomi wajen 200 da bayaninsu saboda mutanen kudu. Abokan gabar Luther ma, da suka tashi fitar da tasu fassarar, yawancin jimlolinsa suka kwafa.

Ga bambancin a fili. A Koriya buga littafi galibi aikin fada ne da wuraren ibada, kwafi kaɗan, don masu ilimi. A Jamus 'yan kasuwa ne suke da maɗaba'o'i a birane barkatai, suna gasa, kuma rikicin addini ya sa kowane ɓangare yana neman talaka ya karanta hujjarsa. Wanda yake neman talaka kuwa dole ya yi masa magana da harshensa.

Kada mu ɗauka daga nan komai ya daidaita. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 17 littattafan Jamusanci suka fi na Latin yawa a kasuwar littattafai. A 1687, da Christian Thomasius ya liƙa sanarwar zai ba da lacca da Jamusanci a Jami'ar Leipzig, abin ya zama abin magana. Da Latin ya ja baya, sai Faransanci ya maye gurbinsa a fadoji. A 1780 Sarki Frederick na Prussia ya rubuta ɗan littafi yana kushe adabin Jamusanci, kuma da Faransanci ya rubuta shi. A lokacin Goethe yana da shekara 31, littafinsa na Werther da ya fito a 1774 ya riga ya zagaye Turai. Sarkin bai ga abin da yake gaban idonsa ba.

WAƊANDA SUKA RIƘE HARUFFAN SEJONG

Shekaru 450 da haruffan Sejong suka yi a bayan fage, su wa suka hana su mutuwa? Waɗanda aka raina. Mata suna rubuta wa 'ya'yansu da iyayensu wasiƙu da su. Talakawa suna karanta ƙagaggun labarai da ake haya ko ake saya a kasuwa. Wani babban ɗan fada, Kim Man-jung, wanda ya rasu a 1692, ya kamanta masu kwaikwayon waƙar Sinanci da aku mai maimaita maganar mutane, ya ce waƙar masu saran itace da mata masu ɗiban ruwa ta fi tasu gaskiya. Gimbiya Hyegyeong kuma, wadda surukinta Sarki Yeongjo ya kulle mijinta a akwatin ajiyar shinkafa har ya mutu a 1762, da waɗannan haruffa ta rubuta tarihin rayuwarta. Yau ana lissafa rubutunta cikin manyan ayyukan adabin Koriya.

Sai a 1894 gwamnati ta amince da haruffan a takardun hukuma. Ranar 7 ga Afrilu, 1896, jaridar Tongnip Sinmun ta fito, shafukanta na Koriyanci ba alamar Sinanci, tana kuma barin fili tsakanin kalmomi don sauƙin karatu. Wani matashi da ya yi aiki a jaridar, Ju Si-gyeong, shi ake dangantawa da raɗa wa haruffan sunan da duniya ta san su da shi yanzu, Hangul. Ba a je ko'ina ba Jafan ta mamaye ƙasar a 1910.

ƘAMUS BIYU

A nan tarihin harsunan biyu ya sake kamanceceniya, don kowanne yana da labarin ƙamus mai ban tausayi.

Jacob da Wilhelm Grimm, wa da ƙane, waɗanda aka fi sani da tattara tatsuniyoyin Jamusawa, an kore su daga Jami'ar Göttingen a 1837 saboda sun ƙi amincewa da soke tsarin mulki da sarkin Hanover ya yi. A 1838 suka karɓi aikin haɗa babban ƙamus na Jamusanci, suna zaton shekara goma za ta ishe su. Juzu'in farko bai fito ba sai 1854. Wilhelm ya rasu a 1859 bayan ya gama harafin D. Jacob ya rasu a 1863 yana kan harafin F, a kalmar Frucht, wato 'ya'yan itace. Wasu suka ɗora daga inda suka tsaya, aka wuce yaƙin duniya biyu, sai a 1961 aka kammala: juzu'i 32, kalmomi sama da 300,000, shekara 123.

Na Koriya da jini aka biya shi. A 1929 masana suka fara haɗa ƙamus a ƙarƙashin mulkin mallaka. A 1933 Ƙungiyar Harshen Koriya ta fitar da daidaitattun ƙa'idojin rubutu. Daga 1938 Jafan ta fara fitar da Koriyanci daga makarantu, a 1940 ta matsa wa mutane su sauya sunayensu zuwa na Jafananci. Daga Oktoban 1942 aka fara kamen masu aikin ƙamus, mutum 33, bisa zargin neman 'yanci. Biyu daga cikinsu, Yi Yun-jae da Han Jing, a kurkukun Hamhung suka mutu. 'Yan sanda sun ƙwace rubutun a matsayin shaida, kowa ya fitar da rai. A Satumbar 1945, bayan Jafan ta sha kaye, sai ga tulin takardun, shafi sama da 26,000, a wani sito na tashar jirgin ƙasa ta Seoul. Juzu'in farko ya fito a 1947, na shida a 1957, da kalmomi wajen 164,000.

Lokacin da mulkin mallaka ya ƙare, sama da kashi 70 cikin 100 na manyan Koriya ta Kudu ba su iya karatu ba, shekara 500 bayan Sejong. Da aka mayar da Hangul harshen makaranta da jarrabawa da ofis, cikin 'yan shekaru jahilcin ya zube. Haruffan ba su sauya ba, matsayin da aka ba su ne ya sauya.

ƘASA BIYU, HARSHE ƊAYA

An raba Jamus daga 1949 zuwa 1990. Ƙamus ɗin Duden, wanda Jamusawa suke komawa gare shi kan ƙa'idar rubutu tun 1880, shi ma ya rabu: ɗaya a Leipzig ta Gabas, ɗaya a Mannheim ta Yamma. Kalmomi sun ɗan bambanta, gasasshiyar kaza Broiler ce a Gabas, Brathähnchen a Yamma. Amma yawancin mutanen Gabas suna kallon talabijin ɗin Yamma, wasiƙu suna kai-komo. Ƙamus ɗin Grimm ma masana na Berlin ta Gabas da na Göttingen ta Yamma ne suka ƙarasa shi tare, a shekarar da aka gina katangar Berlin. A 1991 Duden ya koma ɗaya.

Rabuwar Koriya tun 1945 take, aka yi yaƙi daga 1950 zuwa 1953, kuma har yau ba wasiƙa, ba waya tsakanin talakawan ɓangarorin. Arewa ta daina amfani da alamomin Sinanci tun 1949, ta ɗauki karin Pyongyang a 1966, tana ƙirƙiro kalmomin gida. Kudu ta riƙe karin Seoul, ta kwashi kalmomin Ingilishi masu yawa. Kalmar dongmu, wadda a da take nufin aboki, ta zama laƙabin 'yan kwaminis a Arewa, sai mutanen Kudu suka guje ta suka koma chingu. Jerin haruffa a ƙamus ma ya bambanta. A gasar Olympics ta 2018 a Pyeongchang, da aka haɗa 'yan matan ɓangarorin biyu a ƙungiya ɗaya ta hoki na kan ƙanƙara, sai da aka rubuta musu jerin kalmomin wasan don su fahimci juna. A 2005 masanan ɓangarorin suka fara ƙamus na haɗin gwiwa, zamansu na ƙarshe a 2015 aka yi, aikin bai kammalu ba. Abin da ya sa har yanzu suke iya karanta rubutun juna shi ne, dukansu a kan ƙa'idojin 1933 suka ɗora nasu, na mutanen nan da aka ɗaure.

INA MUKA TSAYA?

Mu ba mu rasa haruffa ba, biyu ma gare mu, ajami da boko. Muna da irin tamu gwageo, don hanyar aiki ta Turanci take bi a Nijeriya, ta Faransanci a Nijar. Wannan ba abin da za mu sauya da rubutu ɗaya ba ne. Amma akwai abubuwan da suke hannunmu.

Na farko, mu daina raina masu karatunmu. Littattafan da aka yi wa laƙabin adabin kasuwar Kano, da labaran da mata suke rubutawa a waya yau, su suka sa dubban mutane suke karatu da Hausa kullum. Rubutun da aka kira na mata shi ya riƙe wa Koriya haruffanta.

Na biyu, karɓuwa a kasuwa ba ta ɗauke mana wahalar aiki. Mutumin da ya saurari kasuwa shi ne kuma ya shafe makonni a kan kalma ɗaya. Mu da muke rubuta "kasa" muna nufin "ƙasa", muke haɗe "ya ce" wuri ɗaya, muke ɗauko jimlar Turanci mu sa mata rigar Hausa, irin aikin fassarori 18 ɗin nan muke yi, waɗanda yau sai masana tarihi suke tunawa da su.

Na uku, mu ma iyaka ta ratsa mu. Tsakanin Katsina da Maraɗi, ko Kano da Damagaram, kasuwa da aure da rediyo da finafinai suna haɗa mu, don haka halinmu ya fi kusa da na Jamus. Duk da haka yaron Nijar yana zuwa lakwal wurin mushe, yana rubuta ƴ inda na Nijeriya yake rubuta 'y, ko da yake tun 1980 masana suka zauna a Yamai don daidaita ƙa'idojin. Marubutan Hausa nawa ne a Nijeriya suka karanta littafi ɗaya na marubucin Nijar a bana?

Game da masu cewa mun makara, daga gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar zuwa yau ba a cika shekara 100 ba. Daga fassarar Luther zuwa littafin Goethe shekara 252 ce.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya je wurin mai sana'a ɗaya a garinsu, maƙeri ko majemi ko mahauci ko ungozoma ko bakanike, ya rubuto kalmomi 20 na sana'ar, kowace da jimlar da ya ji an faɗe ta a ciki, ya kuma sa sunan garin. A kawo su nan ƙasa mu tattara, mu ga waɗanda babu su a ƙamus.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.